Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga fastoci da dattawan majami'un Tawa: ku ji ta bakin mutum kafin ku karanta sunansa

Iyayenmu fastoci, dattawan ikilisiya da masu bishara na Tawa da kewayenta, daga Illela zuwa Madawa, daga Ƙwanni zuwa Kaita, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya iyali, yaya hidima, yaya fama da jama'a? Ubangiji ya ƙara muku ƙarfi.

Ni ɗiyarku ce, ƴar zumuntar mata. Aikina koyar da yara a lakwal, ranar Lahadi kuma ina layin mata ina sauraronku. Ban shiga makarantar Littafi Mai Tsarki ba, ɗan abin da na sani daga bakinku na ji shi, don haka in kun ga na jawo aya, kayanku ne nake maido muku. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Wa'azi a kan gaggawa ba baƙo ba ne a kunnenmu. Mun ji labarin Isuwa da ya sayar da matsayinsa na ɗan fari a kan kwanon fate. Mun ji na Bitrus da ya zaro takobi ya sare kunnen Malkus. Yaranmu na makarantar Lahadi sun haddace Yakubu 1:19, cewa kowa ya yi saurin ji, ya yi jinkirin magana, ya yi jinkirin fushi. Sai dai kullum in aka ɗauko wannan wa'azi, fuska matasa take kallo, ko kuma layinmu na mata, a ce bakinmu ya cika sauri. Ba mu musa ba. Amma saurayi in ya yi gaggawa, yawanci kansa yake ja wa. Wanda ke riƙe da makirufo da littafin sunayen ikilisiya kuwa, in ya yi tasa, gidan wani ne yake rushewa. Wannan ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Akwai wata yarinya, matar aure, mijinta yana bida a Abijan kamar dubban mazan Adar. Ba zan faɗi sunanta ba, ba zan faɗi majami'ar ba. Wani dare bayan isha'i aka ga kabu-kabu ya sauke ta ƙofar gidan wani ɗan kasuwa. Ta shiga zaure, ta fito tana ƙulle wani abu a bakin zane. Wani yaro cikin mawaƙa ya ɗauki hotonta da waya, hoton ma duhu ne, zanenta kaɗai ake ganewa. Ranar Alhamis hoton ya faɗa zauren WhatsApp na mawaƙa, haɗe da saƙon murya na wata ƴar'uwa da ta fara da cewa ita ba gulma take ba, don a sa a addu'a ne. Juma'a ya iso zauren mata. Asabar da la'asar dattawa suka zauna. Lahadi bayan baiko, tsakanin sanarwar sharar majami'a da ta gwajin waƙa, aka karanta sunanta: an sa ta horo, ta koma bencin baya, ba ita ba Jibin Ubangiji har sai an sake zama. Tana kusa da ni, da goyo a bayanta. Ta juyo ta dube ni, bakinta a buɗe, ba ta ce uffan ba. Ta ɗauki littafin waƙoƙinta ta nufi baya, takalminta ɗaya ya saɓule a tsakiyar hanya, ba ta tsaya ɗauka ba. Wata yarinya ƴar makarantar Lahadi ce ta bi ta da shi.

Daga Alhamis zuwa Lahadi babu dattijo ɗaya da ya taka gidanta, gidan kuwa daga ƙofar majami'a ana hango bishiyar da ke bakinsa.

Kowa a Tawa ya san yadda kuɗin bida ke isowa gida. Ba kowa ke bin banki ko kamfanin aika kuɗi ba. Mutum ya miƙa wa ɗan garinsu mai shago a Abijan, a buga waya, ƙanen mai shagon a nan ya ƙirga wa iyali. Wannan ɗan kasuwar ba ya barin rumfarsa sai dare, ita kuma babban ɗanta na kwance da zazzaɓi, takardar magani a hannunta tun rana. Abin da ta ƙulle a bakin zane jikka 15 ne, mijinta ne da bakinsa ya ce ta je ta amso. Tambaya ɗaya da ta gama zancen. Amma kafin a yi ta, sanarwar ta riga ta ƙetare iyaka ta isa Abijan, kuma maganar da ta fito daga gaban majami'a ba ɗaya take da maganar bakin rijiya ba. Mijin ya san zancen kuɗin sarai, amma da aka ce masa dattawa sun zauna sun yanke, sai ya fara tunanin ko akwai abin da suka gani wanda shi bai sani ba. Uwar mijin ta zo ta ɗauke babban yaron, ko maganin bai gama sha ba.

Da gaskiya ta yi halinta, aka ɗage horon a taron addu'a na Laraba da yamma, gaban tsofaffin da ba su cika benci biyu ba. Kalmar da aka yi amfani da ita ita ce ta fi tsaya mini a rai: an ce an yafe mata. An yafe mata me, Baba? Bulus da Sila, da aka yi musu bulala a Filibi ba tare da shari'a ba, gari ya waye mahukunta suka aiko a sake su a asirce. Bulus ya ƙi fita. Ya ce a bainar jama'a aka doke su ba a same su da laifi ba, don haka waɗanda suka sa a yi su zo da ƙafarsu su fitar da su, kuma sun zo, sun ba da haƙuri (Ayyukan Manzanni 16:35-39). Waɗannan mahukuntan Romawa ne, ba su san Almasihu ba.

Ban kawo wannan don in ce dattawanmu mugaye ne ba. Mutumin da ya fi mu duka kusanci da zuciyar Allah ya faɗa irin wannan rami. Ranar da Dawuda ke gudun ɗansa Absalom, yana hawan Dutsen Zaitun ba takalmi, kansa a lulluɓe, yana kuka, da ya ɗan gota ƙwanƙolin dutsen sai ga Ziba, baran gidan Saul, da jakuna biyu ɗauke da gurasa 200, da curin zabibi 100, da ƴaƴan itace 100, da salkar ruwan inabi. Sarki ya tambaye shi ina Mefiboshet, ɗan Jonatan. Ziba ya ce ai ya zauna a Urushalima yana jiran a maido masa da sarautar gidansu. Nan take, a tsaye a kan hanya, Dawuda ya ce duk mallakar Mefiboshet ta zama ta Ziba (2 Sama'ila 16:1-4). Ku dubi yadda abin ya haɗu: sarki a gajiye, ransa a ɓace, mai kawo ƙara ya zo da goma ta arziki, wanda ake ƙara kuwa gurgu ne, ba shi da ƙafar da zai biyo ya kare kansa. Gurguntar ma gaggawa ce ta jawo ta, yana ɗan shekara 5 mai renonsa ta sungume shi tana gudu ya suɓuce mata (2 Sama'ila 4:4).

Da aka gama yaƙi sarki ya dawo, Mefiboshet ya tarbe shi, bai gyara gemu ba, bai wanke tufafi ba tun ranar da sarki ya fita, ya ce baransa ne ya yaudare shi, ya kuma ɓata shi a wurin sarki. Abin da Dawuda ya yi shi ne abin da shugabanni ke yi in maganarsu ta riga ta fita: ya katse shi, ya ce zancen ya isa haka, shi da Ziba su raba gonakin (2 Sama'ila 19:24-30). Bai zaunar da su fuska da fuska ba, bai nemi shaida ba. Ɗaya daga cikin mutanen nan biyu maƙaryaci ne, kuma ya tafi gida da rabin dukiya, saboda janye hukuncin farko ɗungurungum ya yi wa sarki nauyi. Ɗage horon Laraba da yamma, wannan rabon gonar ne.

Allah da ya san kome, shi ma tambaya yake fara yi. Ya kira Adamu ya ce ina kake, ya tambayi Hawwa'u me ta yi, ya tambayi Kayinu ina ɗan'uwansa, kafin ya furta hukunci a kan ko ɗayansu. Da kukan Saduma ya kai gare shi, cewa ya yi zai sauka ya gani ko abin ya kai yadda aka faɗa (Farawa 18:21). Shari'ar Musa ta ce in an ji labari a bincika, a tona, a yi tambaya da kyau, sai an tabbatar (Maimaitawar Shari'a 13:14), kuma shaidar mutum ɗaya ba ta tsayar da magana, sai biyu ko uku. Wanda aka kama da shaidar zur, abin da ya nufa wa ɗan'uwansa shi za a yi masa (19:15-19). Nikodimu ya tambayi ƴan majalisa ko shari'arsu tana hukunta mutum ba a ji ta bakinsa ba (Yahaya 7:51). Festus, gwamnan Roma, ya gaya wa masu ƙarar Bulus cewa ba al'adarsu ba ce su miƙa mutum tun bai ga masu ƙararsa ido da ido ba (Ayyukan Manzanni 25:16). Ubangijinmu kuma ya jera mana matakala a Matiyu 18:15-17: ka je ka same shi ku biyu, in ya ƙi ka koma da mutum ɗaya ko biyu, sai a ƙarshe a kai gaban ikilisiya. Mu daga matakalar ƙarshe muke farawa.

Akwai wani babi da ban taɓa jin an tsaya a kansa a majami'armu ba, Joshuwa 22, kuma in da ni ke tsara darasin taron dattawa, da shi zan sa. An gama raba ƙasa, kabilar Ra'ubainu da ta Gad da rabin ta Manassa suka kama hanyar komawa gabashin Urdun. A bakin kogin suka gina wani ƙaton bagade. Labari ya kai wa sauran kabilu cewa ƴan'uwanku sun yi ridda, sun kafa wurin hadaya na kansu. Jama'a suka taru a Shilo da shirin yaƙi. Tsoronsu ba na banza ba ne, sun ga abin da ya faru a Feyor, sun ga yadda laifin Akan shi kaɗai ya jawo wa kowa. Amma kafin a zare takobi suka aiki Finehas ɗan Ele'azara da shugabanni 10, su ƙetare kogi su je Gileyad. Wannan Finehas ba mai sanyin jini ba ne, shi ne mai mashin nan na Littafin Ƙidaya 25. Da ya isa ma bai tausasa harshe ba, ya faɗa musu magana mai zafi. Amma ya je da ƙafarsa, ya yi musu tayin cewa in ƙasarsu ce ba ta yi musu ba su ƙetaro a raba da su, sa'an nan ya yi shiru ya ji amsa. Ashe bagaden ba na hadaya ba ne. Sun gina shi ne shaida, don tsoron kada gobe ƴaƴan yamma su ce wa ƴaƴan gabas ba ku da rabo a wurin Ubangiji. Abin da aka ɗauka tawaye, ƙoƙarin riƙe zumunci ne. Finehas ya koma ya faɗa, zancen yaƙi ya mutu a nan. Duk abin da aka kashe shi ne wahalar tafiyar mutum 11.

Na san amsar da za ku ba ni, don na ji ta daga bakin wani dattijo da nake girmamawa ƙwarai. Ya ce ɗiyata, mu ƴan kaɗan ne, ido yana kanmu, in muka yi shiru maƙwabta za su ce Kiristoci suna rufa wa fasiƙai asiri, gara a gani mun ɗauki mataki da wuri. Zancen yawanmu gaskiya ne, ƙidayar 2012 ta nuna ba mu kai ɗaya cikin ɗari na mutanen Nijar ba. Amma maƙwabtan nan sun ga abin da ya biyo baya ma. Ɗan kasuwar Musulmi ne, da matansa da ƴaƴansa, an ɓata masa suna a gari shi ma ba a tambaye shi ba, kuma babu wanda ya je ba shi haƙuri. Wace shaida muka bari a gidan nan? Manomin albasa a Galmi ba ya tumɓuke ta don ya ga mai saye ya tsaya da mota. Yana jira ganye ya kwanta, ya yanke mata ruwa, don ya san wadda aka cire ɗanya a cikin rudu take ruɓewa, ta kuma ruɓar da na kusa da ita. Hukuncin da aka yanke ɗanye haka ya yi mana: tun ranar, matan da mazansu ke bida ba su ƙara kawo wa dattawa damuwarsu ba, kowace ta kama bakinta.

Ga kuma wadda ta fi wuyar faɗa, ku yi mini aikin gafara. Saurin namu yana zaɓen mutum. A kan matar ɗan bida, da gwauruwa, da yarinyar da ba ta da uba a kujerar dattawa, kwana uku sun isa. In ƙarar ta shafi wanda ya sayi kwanon rufin majami'a, nan ne ake tuna cewa sai an yi addu'a, sai an bi a hankali, sai an sami shaidu, har maganar ta bi ruwa. Yakubun da ya ce a yi jinkirin magana, shi ne a babi na 2 ya hana a ba mai zoben zinariya kujera a ce wa matalauci ya tsaya can. Ni ba jinkiri nake roƙo a kan kome ba. Mai Hadishi 8:11 ya ce in ba a hanzarta hukunta mugunta ba, zuciyar mutane takan ƙarfafa ga aikata ta. Yarinya ta zo tana kuka ta ce wani babba ya taɓa ta, ko mace ta zo da ido a kumbure, a ranar za a tashi, a raba ta da wurin, a kai ta asibiti, a kai maganar inda doka ta ce. Abigel sauri ta yi ta ɗora kaya a kan jakuna ta tare Dawuda da mutanensa 400 masu takuba, saurinta ne ya hana zubar da jini a gidan Nabal. Irin wannan saurin, na ɗaura takalmi a je a gani, a ji, a tsare rai, shi ne ya yi mana ƙaranci.

Mu ne ya kamata mu fi kowa sanin ɗacin hukuncin da ba a ji ta bakinka ba. Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015 a Damagaram, da Asabar 17 ga wata a Yamai, saboda zanen da jaridar Charlie Hebdo ta buga a Faransa, aka cinna wa majami'u wuta. Ƴan sanda sun ƙirga 45 a Yamai kaɗai, mutum 10 suka rasa rayukansu a biranen biyu. Babu Kiristan Nijar da ya yi zanen nan, akasarinmu ko ganinsa ba mu yi ba, kuma babu wanda ya tsaya tambayarmu. Luka ya kwatanta irin wannan taro a Afisa: waɗansu na ihun wannan, waɗansu na ihun wancan, yawancinsu ba su ma san abin da ya tara su ba, suka yi wajen awa 2 suna kururuwa, har magatakardan gari ya fito ya ce su natsu kada su yi kome da garaje, akwai kotu, akwai alƙalai (Ayyukan Manzanni 19:32-38). A kwanakin nan na 2015 shugabannin majami'u, na Katolika da na bishara, sun yi abin da ya dace. Sun riƙe matasanmu, sun hana ramuwa, sun yi maganar gafara tun toka ba ta huce ba. Kun tuna mana cewa akwai maƙwabta Musulmi da suka ɓoye ƴan'uwanmu a ɗakunansu, kada mu yi wa kowa kuɗin goro. Kun karanta mana yadda Yesu ya tsawata wa Yakubu da Yahaya da suka so kiran wuta a kan ƙauyen Samariyawa. Ashe kun iya. Abin da kuka iya yi wa waɗanda suka ƙone ginin, ku yi wa waɗanda ke zaune a cikinsa.

Yau taron Afisa yana cikin aljihun kowa. Zaurukan WhatsApp na majami'u, yawancinsu fasto ko matarsa ko sakatare ne ke riƙe da su, kuma a nan ne nake ganin saƙonni masu kibiya biyu a kai, alamar an yi ta turawa hannu zuwa hannu: an kai hari wuri kaza, an ce kada a sayi abu kaza, wane ya yi kaza, a tura wa kowa da gaggawa. Wani lokaci hoton na wata ƙasa ne, na shekarun baya. Kamfanin da kansa ya ga ɓarnar, tun 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri 5 a lokaci guda. Mai riƙe da zaure yana da ikon goge saƙon kowa, amma ban taɓa ganin an goge na gulma ba, sai na wanda ya soki tsarin baiko. Ku kuma sani doka ba ta barci. Tun 2019 Nijar tana da dokar laifuffukan intanet, a watan Yunin 2024 kuma aka dawo da ɗauri a kan ɓata suna da zagi ta waya, shekara 1 zuwa 3, ban da tara. Da ɗan kasuwar nan ya so, da yaron mawaƙa da ƴar'uwa mai neman addu'a sun yi bayani a komisariya. Haƙurinsa ne ya rufa mana asiri.

Abu biyu kuma zan taɓa a gurguje, don su ma gaggawa ce da ake koyarwa daga gaba. Na farko alkawarin kuɗi. Baƙon mai wa'azi ya zo, ganga na tashi, ya ce wa zai ba Ubangiji jikka 50, ya miƙe yanzu kafin albarkar ta wuce. Magidanci ya miƙe don kunyar idon jama'a, matarsa a layinmu tana jin adadin a karo na farko, ga damina ta kawo kai, hatsi ya yi tsada, rumbu ya yi ƙasa. Daga baya sai a riƙa karanta sunayen waɗanda ba su cika ba, har mutum ya daina zuwa sujada. Karin Magana 20:25 ta kira shi tarko, mutum ya keɓe abu da garaje sa'an nan ya dawo yana tunani. Yefta bakinsa ne ya ci ɗiyarsa tilo. Bulus ya ce wa Korintiyawa kowa ya riƙa ajiye abin da ya samu tun daga gida a ranar farko ta mako, don kada sai ya zo a hau tara kuɗi, kuma kowa ya bayar yadda ya ƙudura a ransa, ba don an matsa masa ba. Na biyu, "Ubangiji ya nuna mini". An sha nuna tsohuwa da yatsa a tsakiyar addu'a a ce ita ta kama kurwar jikanta, alhali yaron zazzaɓin cizon sauro ne ke cinsa. Annabi Natan kansa ya ce wa Dawuda ya je ya gina Haikali, Ubangiji yana tare da shi, a daren nan Allah ya komo da shi ya warware maganar (2 Sama'ila 7). In Natan ya iya riga Allah magana, wanda ya fara annabci bara fa? Bulus ya ce in annabawa sun yi magana sauran su auna (1 Korintiyawa 14:29), kuma ku ne sauran.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinku ba, ba ya kuma cin ko dala. Ku rubuta a littafin majalisar dattawa, ku karanta mana a sujada, cewa ba za a ƙara kiran sunan kowa a gaban jama'a ba sai an je gidansa, an zaunar da shi da mai ƙararsa, an ji ta bakinsa. Shaidu su zama mutane biyu da suka gani da idonsu kuma suka yarda a faɗi sunansu, hoton duhu da saƙon murya ba shaidu ba ne. Tsakanin jin ƙara da sanarwa a bar Lahadi ɗaya aƙalla ta wuce, sai fa inda rai ko yaro ke cikin haɗari. Wanda ya kawo labari ya tashi ƙarya, shi ma a kira shi ya amsa. In majalisa ce ta yi kuskure, bakin da ya karanta sunan shi zai wanke shi, ranar Lahadi, bayan baiko, majami'a a cike, da kalmar da ta dace: mun zalunce ta, ta yafe mana. Wannan ƙa'ida ta hau kan mai mota kamar yadda ta hau kan mai tallan ƙosai. Alkawarin kuɗi kuma a ba mutum ambulan ya je gida ya kwana da shi, ya yi shawara da matarsa, ya kawo mako mai zuwa.

Na ƙarshe ya shafe mu kai tsaye. Mace ba za ta iya buɗe cikinta a gaban maza shida da suka haife ta ba, ko tana da gaskiya kunya za ta ɗaure mata harshe, ku kuma ku ɗauki shirun a matsayin amsa laifi. Duk ranar da ƙara ta shafi mace, a sa mata biyu daga zumunta su fara zuwa wurinta, su kuma zauna a ɗakin lokacin da ake tambayarta. Muna da iyaye mata da suka ga jiya suka ga yau, masu riƙe sirri, waɗanda suka san wace ce mijinta ke aiko da kuɗi ta hannun wa. Zumuntar mata tana zama kowane mako a majami'unku. Ku aiko sakatare, za mu ba shi sunayensu.

Ɗiyarku cikin Almasihu,
wata ƴar zumuntar mata, Tawa